Malama ta ce kwamfuta ta cinye mata yara uku

Daren wata Alhamis ne, saura kwana biyu a raba sakamakon zango na biyu, wajen ƙarfe 11 saura, saƙon murya ya shigo min a WhatsApp daga wata malama a ɗaya daga cikin makarantun da suke amfani da 'yar manhajar lissafin maki da muka haɗa ni da abokina. Saƙon ya kai minti biyu da wani abu. Ta fara da sallama da tambayar iyali da ban haƙurin damuna da ta yi cikin dare, sannan ta ce, "Injiniya don Allah ka taimaka min, kwamfutar nan ta cinye min yara uku, wallahi da hannuna na shigar da su, makinsu ma duk na saka, amma yanzu na duba babu su, kuma gobe da safe Hajiya za ta sa hannu a kan takardun."

Na tashi na kunna laftof na shiga rumbun bayanai, sai ga yaran nan uku suna nan lafiya lau da makinsu, babu abinda ya taɓa su. Biyu sunansu ya fara da Ɗ, ɗaya ya fara da Ƙ. Ita kuma ta je ta duba wajen D da wajen K kamar yadda duk mai hankali zai yi, bata gansu ba, ashe suna can ƙarshen shafi na biyu a ƙasan masu Z. Dalilin kuwa shi ne ita kwamfuta lamba take gani a bayan kowane harafi, a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, babban K lambarsa 75, Z kuma 90, toh amma Ɗ ɗinmu 394 ne, Ƙ kuma 408, saboda haka in ka ce mata jera min sunaye baka gaya mata da ƙa'idar wane yare ba, sai ta bi lamba kawai ta watsa Ɗahiru da Ƙasimu can bayan Zubairu. Kuma akwai ƙa'idar jeren Hausa a shirye cikin kundin CLDR na Unicode mai ɗauke da ƙa'idojin yaruka, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, har da sh da ts da ƴ, mu ne bamu kira ta ba. Gyaran bai kai awa ɗaya ba.

Kafin in kwanta na buɗe rijistar da muke rubuta matsalolin manhaja, wadda mu a tsakaninmu muke ce wa tiraka, na rubuta layi ɗaya da Turanci, ma'anarsa dai jeren sunaye a shafin aji yana bin lambar harafi maimakon ƙa'idar Hausa, ya shafi duk sigogi, an gyara. Na zauna ina kallon layin nan ina tuna saƙon malama. Babu kalma ko ɗaya da ta haɗa abinda ta faɗa da abinda na rubuta, kuma duka biyun gaskiya ne. Da ita za a ba layin nawa ta karanta ba za ta gane yaranta ake magana ba, da kuma saƙonta na liƙa a rijistar yadda yake, bayan wata shida abokina in ya zo neman inda aka taɓa gyara jeren sunaye ba zai taɓa samo shi a ƙarƙashin "ta cinye min yara" ba.

Tun daren nan nake juya tambayar nan a raina, wai ita wannan rijistar ta waye? Ta mai gyara ce ko ta wanda abin ya lalace a hannunsa?

Amsar da na fara bayarwa ita ce ta kowa ce. Hutun da ya biyo baya na buɗe wa duk malaman makarantun ƙofa, na yi musu bidiyon yadda ake shiga da yadda ake cike fom, na ce daga yanzu duk mai matsala ya rubuta a can kowa ya gani, a daina turo min saƙo cikin dare. Niyyata mai kyau ce, ina so su ji cewa su ma da su ake yi. Abinda ya faru kuwa, yawancinsu ko shiga basu yi ba, don sai ka buɗe akawun, sai kana da imel ɗin da kake tuna kalmar sirrinsa, wasu kuma imel ɗin ma a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu shekaru da suka wuce basu taɓa leƙa shi ba. Waɗanda suka daure suka shiga sai fom ya tare su da tambayoyi, wace siga kake amfani da ita, wace burauza, me ka yi tsammanin gani, me ka gani, jero matakan da za a bi a sake ganin matsalar. Malamin da ya koyar da aji biyar tun safe, datarsa ta kusa ƙarewa, yana rubutu da babban yatsa a fuskar waya, shi kake tambaya wace burauza. Wani malamin lissafi ya ce min, "Injiniya ni fa abinda na sani na danna shuɗin abin nan ne ya buɗe." Kuma gaskiyarsa, ba aikinsa bane ya sani.

Ɗan abinda ya shigo ɗin kuma shi ya fi ba mu wahala. Mantuwar kalmar sirri ta fi komai yawa, sai mai neman a ƙara wajen saka hoton ɗalibi, sai mutum huɗu sun rubuta matsala ɗaya kowa da irin bayaninsa, sai mai cewa "baya yi" shikenan babu ƙari, har da wanda ya shigo ya yi mana barka da Sallah, Allah ya saka masa da alheri. A tsakiyar wannan duka akwai rahoto guda na gaske mai haɗari, idan ɗalibai biyu suka yi kunnen doki a jimillar maki manhajar tana ba ɗaya na uku ɗaya na huɗu, kuma ya kwana kusan sati uku a nan bamu lura ba saboda ya nutse a cikin sauran. Abokina ya ce, "Kaga abinda nake gaya maka ko? In dambu ya yi yawa ba ya jin mai." A ƙarshen zangon muka rufe ƙofar.

Daga baya da na bi tarihin waɗannan kayan aikin sai na gane cewa tun asali a cikin gareji aka haife su, masu gyara ne suka ƙera wa kansu. Rijistar Debian, wani nau'in Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta), Ian Jackson ne ya fara rubuta ta a 1994, kuma har yau ta imel ake shigar da rahoto, layin farko sai ka rubuta sunan kunshin manhajar da matsalar ta shafa, na biyu sigarsa, wato tun kafin ka ce uffan an ɗauka ka san wane ɓangare ne ya lalace a cikin dubbai. Wata rijistar mai suna Bugzilla kuma Terry Weissman ya rubuta ta aka sake ta a 1998 lokacin da Netscape ta buɗe kod ɗin burauzarta, wato rubutun da aka gina ta da shi, aka kafa Mozilla masu Firefox. Jira ta kamfanin Atlassian na Ostireliya ta fito a 2002, ita kam ma kamfanoni aka yi wa don manaja ya san wa ke riƙe da wane aiki. In ka duba guraben da ke cikinsu za ka ga tambayoyin mai gyara ne zalla, wane sashe, tsananin ya kai ina, wa aka ɗora wa, a wace siga za a fitar da gyaran, wane aiki ne ya tare wannan. Ko kalmomin rufe rahoto ma haka suke. A Bugzilla akwai WONTFIX, wato ba za mu gyara ba, akwai WORKSFORME, wato ni dai a wajena yana yi, akwai INVALID, wato wannan ba matsala ba ce. A tsakanin abokan aiki waɗannan alamomi ne kawai na jera fayil, babu wanda zai ji haushi. Amma ka ɗauki mutumin da ya ɓata awa guda ya buɗe akawun ya haɗa Turancinsa da ƙyar ya yi bayani, washegari ya tarar an buga masa hatimin INVALID babu ko sannu, wallahi abinda zai ji shi ne an ce masa ƙarya yake, kuma ba zai sake dawowa ba.

Duk da haka ni ina tare da masu gyara a wani babban ɓangare na maganar nan, kuma ba don ina cikinsu ba kawai. Rijistar nan ita ce ƙwaƙwalwar aiki. Ita ke tuna maka abinda ka yi alƙawari, ita ke gaya wa wanda zai gaje ka dalilin da ya sa aka yi abu kaza a shekara kaza, in ta cika da hayaniya aikin ne ke tsayawa kuma masu amfanin ne dai za su sha wahalar. A Janairun 2016 wasu gungun masu kula da manyan manhajojin kyauta suka rubuta wa GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu da rijistarsu, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kuka, cikin kukansu akwai cewa rahotanni suna zuwa babu bayanan da ake buƙata, sannan mutane suna cika shafi da "+1", wato ni ma abin ya shafe ni, kowane ɗaya kuma sai ya tura sanarwa ga duk wanda ke bin zancen, ka tashi da safe ka tarar da saƙo ɗari babu ko ɗaya da ya ƙara maka sani. A watan Fabrairu GitHub ta kawo tsarin fom ɗin da mai manhaja zai tsara da kansa, a Maris kuma ta kawo 'yan alamomin nan na ɗaga yatsa don mutum ya nuna shi ma abin ya shafe shi ba tare da ya yi rubutu ba. Yawancin mutanen nan fa ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su ne suke zama su duba. Abinda ya faru da xz ya isa misali, wata 'yar manhajar matse fayil ce da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ne Lasse Collin yake riƙe da ita shekara da shekaru, a 2022 wasu suka dinga matsa masa da ƙorafin cewa aiki baya tafiya ya ba wani dama, ya gaji ya ba wanda ke taimaka masa iko, sai a ƙarshen Maris 2024 wani injiniya Andres Freund ya gano an dasa ƙofar sata a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga kwamfutar mutane ba da izini ba, shi ma don ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa ne ya bi diddigi. Yanzu kuma ga sabon bala'i, Daniel Stenberg mai curl, wata manhajar tura bayanai ta intanet, tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin da mutane ke sa AI ta rubuta musu, Turanci tsaf, bayani tsaf, amma matsalar da ake magana babu ita sam, kuma sai ka ɓata sa'o'i kafin ka tabbatar da hakan. Duk wanda ya ce a buɗe ƙofa kowa ya shigo ya zuba abinda ya ga dama, ya fara tambayar kansa wa zai share.

Toh amma ni ma na taɓa tsayawa a ɗaya gefen kantar, kuma abin bai min daɗi ba ko kaɗan. Akwai wata manhajar kyauta da muke dogara da ita wajen fitar da takardar sakamako a PDF, ba zan kama sunanta ba don masu ita mutanen kirki ne masu aikin sa kai. A wani yanayi na musamman, in suna ya yi tsawo har ya karye zuwa layi na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa sai su koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi a kan takardar da uba zai karɓa ya ajiye. Na yi duk abinda ake cewa a yi. Na karanta dogon bayanin nan da Simon Tatham mai manhajar PuTTY ya rubuta tun 1999 kan yadda ake kai rahoton matsala, na rage misalin har ya koma layi goma, na saka siga, na saka hoto, na duba ko wani ya riga ni. Wani ya amsa sau ɗaya ya ce ya gani zai duba. Shiru. Bayan wata biyu sai ga saƙo, na yi murna na ɗauka gyara ne, ashe mutum-mutumin share rijista ne yake sanar da ni cewa tunda an kwana 60 babu motsi, in ba a ce komai ba nan da kwana 7 zai rufe. Lokacin muna tsakiyar jarabawa ban gani da wuri ba, ya rufe. Matsalar tana nan inda take, babu wanda ya ce ba matsala ba ce, babu wanda ya ce ba zai gyara ba, kawai an share ta daga ido don lissafin rahotannin da ke buɗe ya ragu.

Wannan shi ne abinda ba zan iya karewa ba ko da ina cikin masu gyara. In ba za ka gyara ba ka faɗa da bakinka, ka ce bamu da lokaci, ko ka ce wannan ba hanyar da muka nufa ba ce, mutum zai ji zafi amma ya san matsayinsa ya nemi wata mafita. Kuma ba yau aka fara ba, tun 2003 Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta Netscape tun farko, ya yi ƙorafin cewa rahotannin da ya kai wa GNOME, wata manhajar fuskar kwamfuta ta Linux, sun shekara babu wanda ya karanta, sannan aka rufe su a dunƙule saboda an sake rubuta manhajar daga tushe. In mutum irin wannan zai ji an yi watsi da shi, ina ga malamar firamare. Rahoton da aka bari a buɗe kuwa ko ya tsufa yana da amfani. Akwai wata matsala a Firefox, ɗan akwatin bayanin nan da ke fitowa in ka ɗora linzami a kan abu yakan maƙale a fuskar kwamfuta ko ka koma wata manhajar, an kai rahotonta a 2002, aka barta a buɗe mutane suna ta ƙara bayani, sai a 2023 wani ɗalibi da abin ya dame shi ya bi tarihin ya gano inda take ya gyara. Da an sa mutum-mutumi ya rufe ta bayan kwana 67 da bai tarar da komai ba.

Akwai kuma abinda ya fi damuna a matsayina na Bahaushe. Duk shingen da ka saka a ƙofar rijista, akawun ne, Turanci ne, fom mai gurabe goma ne, ba kowa yake tarewa daidai ba. Injiniyan da ke Jamus ko Amurka zai tsallake shi ko a jikinsa, wanda zai tsaya a waje shi ne mai ƙaramar waya da data ta naira ɗari biyu wanda Turancinsa na karatu ne ba na gardama ba. Kuma shi ɗin ne kaɗai zai ga irin matsalolinmu. Mai rubuta manhaja a Berlin zai shekara ashirin bai danna ƙ ba, ba don mugunta ba, babu ita a allon rubutunsa ne. Ba zai taɓa sanin cewa wani salon rubutun yana mayar da ɗ akwati ba, ko cewa in ka nemi "kasa" a wajen bincike ba za a nuna maka "ƙasa" ba alhali rabin mutanenmu babu lanƙwasa suke rubutu, ko cewa a Najeriya 'y muke rubutawa a Nijar kuma ƴ, balle a zo maganar ajami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In rijistar ta zama sai ƙwararru kaɗai ke iya magana a ciki, toh manhajar za ta yi ta gyaruwa ne ta ɓangaren da ƙwararrun suke zaune, namu ɓangaren ya yi ta zuba.

Wasu za su ce ai yanzu manhaja da kanta take kai rahoto. Haka ne, duk wanda ya yi zamanin kafe zai tuna akwatin nan na Windows XP da ke fitowa in abu ya mutu yana tambaya a tura ko kar a tura, Ubuntu, wani nau'in Linux, na da Apport, Firefox ma na da nata, kuma suna da amfani sosai don suna kwaso bayanan da mutum ba zai iya bayarwa ba. Amma suna aiki ne in manhaja ta faɗi. A daren malama babu abinda ya faɗi, a wajen kwamfuta komai daidai yake, ta jera sunaye kamar yadda aka ce mata. Sai ɗan Adam da ya san Ɗahiru kusa da Dauda ya kamata ya zauna ne zai ce akwai matsala.

Inda na tsaya yanzu shi ne rijistar a bar wa masu gyara su tsara ta yadda aikinsu zai tafi, da gurabenta da yarenta, ban ga amfanin a lalata ta don a ce an sauƙaƙa ba. Amma duk wanda ya saki manhaja mutane suna amfani da ita akwai bashi a kansa, ƙofar da mutum zai yi magana da yarensa, da kuma amsa. Abinda ke haɗa biyun kuma mutum ne, na gwada fom iri-iri babu wanda ya yi aikin. Ka duba garejin bakanike mana, mai mota zai zo ya ce tana wani ƙara in na hau kwalta, ba wanda zai miƙa masa takarda ya ce rubuta lambar ɓangaren da ya lalace, wani ne zai ce muje mu zagaya in ji, ya saurara, ya tambaye shi tun yaushe, da safe ne ko in ta yi zafi, sannan ya dawo ya gaya wa oga da yaren gareji. Manyan ayyukan da suka daɗe sun gano haka. Ubuntu na da tawagar 'yan sa kai da aikinsu kenan tace rahotanni, su tabbatar, su haɗe masu kama da juna, su nemi ƙarin bayani. Gidauniyar Wikimedia mai Wikipedia, wadda ta bar Bugzilla ta koma wata rijistar mai suna Phabricator a ƙarshen 2014, ta ɗauki mutum aiki takanas don wannan. Mozilla ta raba wajen neman taimako daban, wajen kawo shawara daban, Bugzilla daban. GitHub ma a 2020 ta ƙara wajen tattaunawa a gefe don tambayoyi su daina cika rijista. Inda babu mai tsaron ƙofar kuwa buɗe ta ma cutarwa ce, kernel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, na da Bugzilla amma takardunsu da kansu suna gaya maka yawancin sassa ba nan suke duba rahoto ba, ka nemi mai kula da sashen a fayil ɗin MAINTAINERS ka tura masa imel. Wanda bai karanta wannan ba zai rubuta ya zauna yana jira.

Matsalar dai ita ce wannan aikin na tsakiya babu wanda ke ganin girmansa. Wanda ya rubuta kod sunansa na nan a tarihi, wanda ya kwana yana tambayar mutane "me kika danna kafin nan" babu inda ake rubuta shi, shi ya sa ake ta ƙoƙarin maye gurbinsa da fom da mutum-mutumi. Mu dai da muka zauna muka yi lissafi sai muka ga gara mu rage abinda muke ɗauka mu biya wani. Akwai wata ƙanwar abokina da ta gama karatun kwamfuta tana jiran bautar ƙasa, muka ba ta waya da layi guda, duk malami mai matsala nan zai tura, da murya ko da hoto ko ma ya ɗauki bidiyon fuskar kwamfutar da wayarsa, wanda shi ya fi komai amfani don gani ya kori ji. Ita za ta saurara ta kira ta yi tambaya, in mantuwar kalmar sirri ce ta warware a nan take ba sai ta dame mu ba, in matsala ce ta gaske ta gwada da kanta har ta gani sannan ta rubuta a rijista da yarenmu, kuma a ƙasa ta rubuta ainihin abinda malamin ya faɗa da Hausa yadda ya faɗa, wannan ni na nace a kai. Sharaɗi ɗaya muka kafa wanda bama wasa da shi, ba a rufe komai sai an koma wa wanda ya kawo an gaya masa abinda aka yi, ko da amsar ita ce ba za mu iya ba a wannan zangon. Watannin farko ta sha wuya, ta ce min, "Yaya wasu fa sai sun yi minti biyar suna gaisuwa kafin su zo kan maganar." Na ce ki bar su, a cikin gaisuwar ne wani zai ce miki tun da aka canza mana firinta abin ya fara, kuma nan amsar take.

Har yanzu akwai inda ni da abokina bamu daidaita ba. Ni ina so a bar shugabannin makarantu su riƙa ganin jerin matsalolin da muka sani, karantawa kawai ba rubutu, don in abu ya same su su duba su ga an riga an sani kuma ana kai. Shi kuma yana ganin in Hajiya mai makaranta ta buɗe ta ga jerin abu talatin da basu gyaru ba za ta ce manhajar ruɓaɓɓiya ce ta koma wajen wasu, alhali na wasun ma haka yake ɓoyewa kawai suke yi. Ina gane tsoronsa don da kuɗin nan muke biyan haya. Amma na tuna yadda na ji da na ga an rufe nawa rahoton babu bayani, da kuma sau nawa rijistar wasu da ke buɗe ta cece ni cikin dare na tarar wani a wata ƙasa ya riga ya faɗa ramin ya rubuta yadda ya fita. Mun tsaya a kan za mu gwada da makaranta ɗaya zango mai zuwa mu gani.

Rahoton PDF ɗin nan kuwa na koma na sake buɗe shi, wannan karon na zauna sati biyu na bi kod ɗinsu har na gano layin da ke yanke harafi a tsakiyar bayit ɗinsa, don ɗ da ƙ bayit biyu-biyu ne (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin ajiyar kwamfuta) a tsarin ajiye rubutu na UTF-8, su kuma suna ƙirga bayit a matsayin harafi, na tura musu gyaran da gwajinsa. Yana nan yana jiran a duba, duk bayan sati uku nakan shiga in rubuta cewa har yanzu matsalar tana nan don kar a sake rufewa. Kafin nan muna amfani da namu kwafin da muka gyara. Ita kuma malamar, satin da ya wuce ta sake turo saƙo a sabon layin, ta ce in ta fitar da sakamakon aji gaba ɗaya sunan yaron ƙarshe yana hawa kan wajen sa hannun shugaba, kuma wannan karon da kanta ta ƙara da cewa a aji mai yara fiye da 45 kaɗai yake yi, ta gwada a ƙananan azuzuwa bai yi ba. Ƙanwar tamu ta gwada ta gani ta rubuta, ni ne zan duba shi gobe in Allah ya kai mu.